YANAR IDO: TAWAKKALI MUKE YI KO SAKACI?

Bismillahir Rahmanir Rahim

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya ƙagi ji da gani, Ya saukar da cuta kuma Ya saukar da maganinta. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan uwana matasa.

Maganar da zan yi yau mai ɗaci ce, kuma da mu nake, mu da Allah Ya ba karatu, Ya ba mu waya a hannu, muke kwana muna jayayya a intanet kan mas'alolin da manyan malamai suka gama da su tun da daɗewa. Daga nan Badariya har ƙauyukan Argungu da Gwandu da Kalgo da Jega, akwai tsofaffi masu yawa da ke zaune cikin duhu saboda cutar da ake kawar da ita da aikin da sau da yawa ba ya kai rabin sa'a. Iyayenmu ne da kakanninmu. Wasu malamai ne da suka sauke Alƙur'ani ba adadi, yau ba sa iya bambanta baƙi da wasali. Idan ka tambayi 'ya'yansu dalilin da ya hana a kai su asibiti, sai ka ji ɗaya daga cikin amsoshi uku: ƙaddara ce, ko tsufa ne, ko kuma ana jiran mai allura ya zo gari. Ni kuwa ina cewa barin tsoho cikin makantar da ke da magani, alhali ana da halin nema masa, sakaci ne da aka sa wa rigar addini, kuma zan kawo hujjata.

MECE CE YANAR IDO?

A cikin idon kowane mutum, bayan baƙin nan da muke gani, Allah Ya ajiye wani ɗan madubi garau, wanda girmansa bai wuce ƙwayar wake ba. Larabawa suna kiransa adasa saboda kamarsa da ƙwayar adas. Aikinsa shi ne tattara haske ya sauke shi daidai a kan tantanin da ke can bayan ido, daga nan jijiyar gani ta ɗauki saƙo ta kai ƙwaƙwalwa. Idan shekaru suka ja, sinadarin da aka gina madubin da shi yakan fara dunƙulewa, madubin ya dushe, ya yi fari-fari kamar ruwan koko. Wannan shi ne abin da muke kira yanar ido, Larabawa kuma suke kira farin ruwa. Tsufa ne babban sanadinsa, amma ciwon sukari da bugu a ido da shan taba da daɗewa ana amfani da wasu magunguna duk suna gaggauta shi, kuma akan haifi jariri da shi.

Abin lura a nan shi ne, yanar tana cikin ido ne, ba a samansa ba. Saboda haka babu kwalli, babu zuma, babu ruwan ganye, babu maganin ɗigawa da aka tabbatar yana narkar da ita. Duk wanda ya sayar maka da kwalba da sunan tana wanke yana, kuɗinka kawai ya ci. Hanya ɗaya ce aka sani: a cire madubin da ya dushe, a sa wani garau a gurbinsa.

Ga yadda ake yi. Da farko likita zai auna tsawon idon da lanƙwasar gabansa, don a san ƙarfin madubin da zai dace da shi, domin kowane ido da nasa. Ranar aiki za a kashe zafin idon kawai, mutum yana farke yana jin maganar mutane. Sai a yi 'yar ƙaramar kafa a gefen idon, a buɗe jakar da madubin yake ciki, a fitar da shi, a bar jakar a wurinta, sannan a zura sabon madubin a cikinta. A wasu asibitoci da na'ura ake farfasa tsohon madubin a zuƙe shi ta kafar da ba ta wuce milimita 3 ba. A mafi yawan asibitocinmu kuwa ana fitar da shi ɗungurungum ta kafar da ta ɗan fi wannan faɗi, wadda galibi take rufe kanta ba tare da ɗinki ba. Yawanci washegari ake cire bandeji. Sabon madubin na roba ne mai tsabta, faɗin tsakiyarsa kamar milimita 6, kuma yana zama a ido har ƙarshen rayuwa.

Asalin wannan dabara ma abin tunani ne. Wani likitan ido ɗan Ingila, Harold Ridley, wanda ya yi aiki a ƙasar Gana lokacin yaƙin duniya na biyu har ya yi bincike kan makantar da ake samu a bakin koguna, ya lura cewa matuƙa jiragen yaƙi da ɓarɓashin robar murfin jirgi ya shiga idonsu, idon ba ya faɗa da robar. Daga nan ya yi tunanin ƙera madubi da irinta, ya fara sa wa mutum a asibitin St Thomas da ke Landan a 1949. A 1967 kuma Charles Kelman na Amurka ya fito da hanyar farfasa yana da na'ura. Yau wannan aiki yana cikin ayyukan tiyata da aka fi yi a duniya.

To mu fa, ina muke? Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007, inda aka duba mutum sama da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama, ya nuna cewa kashi 4.2 cikin 100 na masu waɗannan shekaru makafi ne, wato sama da mutum miliyan ɗaya a lokacin. Yanar ido ce ta jawo kashi 43 cikin 100 na wannan makanta, kuma kashi 84 cikin 100 na makantar gaba ɗaya irin wadda ake iya hanawa ce ko warkarwa. Arewa ta fi Kudu yawan makafi. Ku sake karanta waɗannan alƙaluma, ya 'yan uwa, sannan mu zo ga uzurorin da muke kawowa.

SHUBUHA TA FARKO: ƘADDARA CE, SAI HAƘURI

Babu Musulmin da ke musun cewa makanta ƙaddara ce. Amma ina tambaya: yunwa ba ƙaddara ba ce? Me ya sa ba mu taɓa ganin wanda ya ƙi cin tuwo don kada ya yi jayayya da ƙaddarar yunwa ba? Manomin shinkafa a fadamar Rima ya san Allah ne mai ba da amfani, amma wannan bai hana shi sayen injin ban ruwa ba. Sai da aka zo kan idon Baba ne muka tuna da tawakkali?

Lokacin da annoba ta ɓarke a Sham, Sayyidina Umar yana kan hanyar zuwa can, ya yi shawara da sahabbai, ya juya da mutane zuwa Madina. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi. Amsar da Umar ya ba shi ta zama ƙa'ida ga al'umma: wanda ya bar wurin cuta ya nufi wurin lafiya, daga wata ƙaddarar Allah ya fita ya shiga wata. Haka nan yana ƙaddara ce, likita ƙaddara ne, madubin da za a sa ma ƙaddara ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi magani, ya umarci bayin Allah da su nemi magani, kuma babu wanda ya kai shi dogaro ga Allah.

Sai wani ya ce: ai ya inganta cewa wanda Allah Ya jarrabe shi da rasa idanunsa biyu ya yi haƙuri, sakamakonsa Aljanna ce. Gaskiya ne, hadisin yana cikin Bukhari, kuma albishir ne mai girma ga 'yan uwanmu da ganinsu ya tafi tafiyar da ba ta da dawowa. Amma wane malami ne ya fahimci cewa hadisin ya hana neman magani? Annabi Yaƙubu ya yi haƙurin da Alƙur'ani ya yaba, idanunsa suka yi fari saboda baƙin ciki, amma da Allah Ya kawo sanadin dawowar ganinsa ta rigar ɗansa Yusufu, bai ture rigar ba don tsoron raguwar lada. Sannan akwai abin da ya fi wannan muni. Haƙurin na mai ciwon ne, shi zai zaɓa wa kansa. Kai da idonka biyu garau, kana kallon ƙwallo har tsakar dare, wa ya ba ka izinin yi wa mahaifiyarka haƙuri da makantarta?

Majalisar Fiƙihu ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1992, ta yi bayanin hukuncin neman magani, ta ce yana sauyawa gwargwadon hali, kuma yana zama wajibi idan barinsa zai kai ga halaka, ko rasa wata gaɓa, ko nakasa. Shin ido ba gaɓa ba ne? Shin makanta ba nakasa ba ce? Mu a nan ƙasar ma ba baƙin wannan fahimta ba ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, duk da nauyin mulki da yaƙi da ke kansa, ya zauna ya rubuta littattafai kan likitanci, har da wanda ya keɓe wa ciwon ido. Da neman maganin ido raunin imani ne, da ɗan Shehu bai ɓata tawadarsa a kai ba.

SHUBUHA TA BIYU: CANZA HALITTAR ALLAH NE

Na sha jin wannan daga bakin ɗalibai masu kishin addini, kuma ina girmama kishinsu, sai dai kishi ba ya tsayawa a madadin ilimi. Canza halittar da aka zarga shi ne mutum ya ɗauki gaɓa lafiyayya ya sauya ta don ƙawa ko yaudara. Mayar da gaɓar da ta lalace zuwa aikin da Allah Ya halicce ta dominsa kuwa, sunansa magani. Allah Ya halicci ido don ya gani. Yanar ce ta canza shi, likita kuma ƙoƙarin mayar da shi yake yi.

Hujjar wannan a fili take cikin ƙissar sahabi Arfaja ɗan As'ad, wadda Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i suka ruwaito. An yanke masa hanci a wani yaƙi tun zamanin jahiliyya, ya sa aka ƙera masa na azurfa, sai ya yi masa wari. Manzon Allah ya umarce shi da ya sa na zinariya. Ku duba da kyau: zinariya haramun ce ga maza, amma aka halatta masa ita don ta maye gurbin gaɓar da ya rasa. Idan hancin zinariya ya halatta, ta ina ɗan madubin roba zai haramta? Ba a yi shi da naman dabba ba, ba a ciro shi daga gawa ba, babu najasa a cikinsa. Kuma ban taɓa ganin mai wannan shubuha ya cire tabarau daga fuskarsa ko haƙorin Makka daga bakin kakarsa ba.

SHUBUHA TA UKU: ZA A HANA SHI SUJADA

Wannan ita ce shubuhar da ta fi ƙarfi, domin tana da asali a littattafanmu, kuma wajibi ne a yi mata adalci. An ruwaito cewa lokacin da ganin Abdullahi ɗan Abbas ya tafi, wani mai magani ya ce zai yi masa aiki da sharaɗin ya kwanta rigingine na wasu kwanaki yana salla da nuni. Ya yi shawara da wasu sahabbai, aka tsoratar da shi kan abin da zai faru da sallarsa idan ya rasu a cikin kwanakin, sai ya bari. Malamanmu na Malikiyya sun tattauna mas'alar. Shehu Halilu a Mukhtasar ɗinsa, wanda ake karantawa a zaurukanmu, ya halatta aikin ido idan iyakarsa ya sa mutum salla a zaune, ya kawo hani idan zai kai ga kwanciya rigingine, sannan ya nuna cewa an inganta ra'ayin da ke ba wa mai kwanciyar ma uzuri, wanda shi ne ra'ayin Ashhabu.

To, ga abin da masu kawo wannan hujja ba sa faɗa. Aikin da ake magana a kansa a wancan zamani shi ne sokar ido da allura, wanda ake kwantar da mutum kwana da kwanaki bayansa, kuma babu tabbacin zai gani. Aikin yau ba ya kwantar da kowa. Mutum yana tashi daga gadon tiyata da ƙafarsa. Abin da likita kan ce shi ne a guji sunkuyar da kai ƙasa sosai da shigar ruwa idon na wasu 'yan kwanaki. Wato ko a kan ra'ayi mafi tsanani a mazhabarmu, aikin yau ya faɗa cikin ɓangaren da Halilu ya halatta ba tare da saɓani ba. Mara lafiya zai yi sallarsa a tsaye ko a zaune, ya yi nuni a wurin sujada, kamar yadda Manzon Allah ya koya wa Imrana ɗan Husaini lokacin da ciwo ya dame shi. A alwala kuma ya wanke abin da zai wanku, ya yi shafa a kan bandeji, babin da ake karantawa a Iziyya. Wanda ke tsoron maganin ɗigawa saboda azumi, yana iya tsara aikin kafin Ramadan ko bayansa.

Kuma mu auna da hankali. Ana tsoron nuni na 'yan kwanaki, amma ba a tsoron shekara goma da tsoho zai yi ba ya zuwa jam'i sai an samu mai ja masa sanda, ba ya ganin najasa a tufafinsa, ba ya duba Mus'hafi. Ba a kuma tsoron zunubin yarinyar da aka cire daga makaranta don ta zama 'yar jagora. A ajina na ga kujerar da ta zama wayam saboda wannan: yarinya mai ƙwaƙwalwa, ta kusa haɗa izu goma, aka ce kakanta ya daina gani, ita za ta riƙa kai shi masallaci da kasuwa. Yana ɗaya ta rufe ido biyu, ta kuma rufe allo.

MAI ALLURA

Abin mamaki, mutanen da ke cewa aikin asibiti jayayya ce da ƙaddara, su ne kuma ke shimfiɗa wa mai sokar ido tabarma idan ya sauka a gari. A nan tawakkalin ya tafi ina?

Ku san abin da yake yi. Yana soka allura ko wani abu mai tsini ta gefen ido, ya tunkuɗa madubin da ya dushe ya faɗa can cikin ruwan bayan ido. Bai cire komai ba, ya share dattin ne ya tura ƙarƙashin gado. Nan take haske zai shiga, tsoho ya ce ga hannu ina gani, mata su yi guɗa, a biya kuɗi, wani lokaci har da akuya ko buhun gero. Kafin mako ya zagayo mai allura ya yi gaba. Sai ido ya fara ja da zugi, domin madubin da aka tura yana haddasa kumburi, ko ruwan ido ya hau ya kashe jijiya, ko tantanin baya ya ɓalle, ko ƙwayar cuta ta bi allurar da ba a dafa ba ta cinye idon. Wanda ya tsira daga duk wannan ma, idonsa ya zama ba madubi, ba zai ga abu sosai ba sai da tabarau mai kaurin gindin kwalba, wanda mai allura ba ya bayarwa.

Binciken ƙasa da na ambata ya gano cewa cikin idanun da aka taɓa yi wa wani aiki saboda yana, sama da kashi 40 cikin 100 sokar allura aka yi musu, kuma kusan uku cikin kowane huɗu na idanun da aka soka makafi ne a lokacin da aka duba su. A nan ƙaramar hukumar Birnin Kebbi ma likitocin ido sun yi bincike da aka buga a 2008, suka tarar mafi yawan idanun da aka soka ganinsu ya lalace, mafi yawan waɗanda aka sa wa madubi kuwa suna gani.

Wani zai ce ai wannan maganinmu ne na gado, na Musulmi. Wa ya faɗa maka? Sokar ido ta girmi Musulunci, an yi ta a Indiya da ƙasar Rum tun kafin aiko Manzo. Likitocin Musulmi sun gaje ta ne, kuma ba su tsaya a kanta ba. Kimanin shekara dubu da suka wuce, Ammar ɗan Ali mutumin Mausil, wanda ya yi aiki a Masar, ya ƙera allura mai rami a ciki yana zuƙe yana mai taushi ya fitar da ita waje. Wato tun a lokacin likitan Musulmi ya gane cewa fitar da ita ya fi tura ta ciki. Likitan da ke cire yana a asibiti yau shi ne magajin Ammar na gaskiya. Shari'a kuma ta ɗora lamuni a kan duk wanda ya yi wa mutane magani ba tare da an san shi da ilimin likitanci ba. Mai allura kuwa ko inda za a same shi ba a sani ba, balle a bi shi diyya.

AMMA WANE AN YI MASA BAI GANI BA

Wannan yana faruwa, kuma ba zan ɓoye ba. Babu aikin ɗan Adam da ba ya kuskurewa. Wani idon ƙwayar cuta kan shiga bayan aiki, musamman idan ba a kiyaye tsabta da ɗiga magani ba. Wani kuma tun farko ba yana kaɗai ke damunsa ba, akwai hawan jinin ido, wanda ke kashe jijiyar gani a hankali, kuma abin da ya kashe ba ya dawowa. A binciken ƙasa shi ne na biyu wajen jawo makanta. Wani ciwon sukari ne ya riga ya ɓata tantanin bayan idonsa. Irin waɗannan ko an sa sabon madubi, kamar sa sabon ƙwan lantarki ne a gidan da wayarsa ta tsinke. Wani kuma yakan gani da kyau, bayan shekara ɗaya ko biyu gani ya sake dushewa, sai a ce yanar ta dawo. Ba ta dawowa. Jakar da aka sa madubin ce ta yi hazo, kuma ana share shi da hasken leza cikin 'yan mintoci ba tare da yanka ba.

Haka nan masu shirya aikin ido kyauta, Allah Ya saka musu da alheri, amma su ji tsoron Allah kan inganci. A yi wa mutum ɗari aiki a kwana biyu a ɗauki hoto a tafi, ba awon madubi, ba wanda zai duba su bayan mako, wannan yana haifar da labaran da ke korar mutum dubu daga asibiti. Duk wannan dalili ne na zuwa da wuri da zaɓen wurin da ya dace. Ba a daina hawa mota don wata ta faɗi a hanyar Jega.

Sauran jita-jitar kuwa, cewa ana ciro ido a ajiye a faranti a wanke, ko ana sa wa mutum idon akuya, ko dole sai yana ta nuna ta rufe ido ruf kafin a taɓa ta, duk babu gaskiya a ciki. Ido ba ya barin gurbinsa. Lokacin aiki shi ne lokacin da yanar ta fara hana mutum harkokinsa. Barinta ta daɗe ma yana sa ta taurare, aikin ya ƙara wuya, wani lokaci ta tayar da hawan jinin ido.

GA MASU SON JEFAR DA TABARAU

Akwai wani ɓangaren da ya shafe ku kai tsaye. Ana tallar wannan aiki a intanet ga mutanen da ba su da yana, cewa a cire musu lafiyayyen madubinsu a sa na roba don su rabu da tabarau. Aikin iri ɗaya ne, kuma likitoci kan yi shi ga wasu da suka manyanta waɗanda idonsu ke buƙatar tabarau mai ƙarfi ƙwarai. Ban ce haramun ne ba, domin raunin gani aibi ne da ya halatta a gyara. Amma saurayi ya sani, madubin da Allah Ya ba shi yana lanƙwasa kansa ya ga nesa ya ga kusa, na roba kuwa ba ya yin haka kamar na halitta. Masu wahalar hangen nesa sosai kuma haɗarin ɓallewar tantanin bayan ido yana ƙaruwa gare su bayan aikin. Saboda haka kada talla ta ja ka. Abin kunya ne a ce muna lissafin kuɗin rabuwa da tabarau don kwalliya, alhali a cikin gidanmu akwai wadda ba ta ga fuskar jikokinta ba.

ABIN DA YA HAU KANMU

Ya ɗan uwa, ka fara da gidanku yau. Ka lura da Baba: ya fara kawo takarda dab da hanci? Yana cewa yana ganin hazo ko ba lokacin hunturu ba? Fitilar mota tana kashe masa ido da dare? Inna ta daina sa zare a allura, ta daina tsince shinkafa? Tsofaffinmu suna da kunya da kawaici, ba za su ce a kai su ba, don kada su ɗora wa 'ya'yansu nauyi. Kai za ka durƙusa ka ce: Baba, don Allah ka yi mini izini in raka ka a duba idon nan. Idan ya kawo maganar ƙaddara, kada ka ɗaga masa murya, ka samo malamin da yake girmamawa ya yi masa bayani.

Wuraren zuwa ba su ɓuya ba. A nan Birnin Kebbi a fara da sashen ido na asibitin Sir Yahaya ko asibitin tarayya, a tambayi ranar ganin likita. Gidauniyar Tulsi Chanrai ta yi shekaru tana aikin yana a cibiyar ido ta Hafsat, kuma da wuya ka rasa wanda ya amfana a unguwarku, ka tambaye shi ya ba tsohonka labari da bakinsa. Akwai asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, da asibitin ido na ECWA a Kano wanda yake aiki tun 1943, da asibitin ido na Makka shi ma a Kano. Ka tambayi likita ko za a auna idon kafin a zaɓi madubi, da ranar da za a dawo a sake dubawa. Bayan aiki kai ne za ka riƙe agogon ɗiga magani, ka hana a sa kwalli ko tofi da yawu a idon, ka nesanta shi daga hayaƙin murhu da ƙura. Idan ido ya yi zafi mai tsanani ko gani ya ragu farat ɗaya, a koma asibiti a ranar, kada a jira gobe.

Idan kuɗi ne matsala, to mu 'yan gida ɗaya da ke haɗa kuɗin biki da na suna cikin mako guda, ba za mu kasa haɗa na ido ba. Masu zakka su sani cewa talakan da ya makance yana cikin waɗanda suka fi cancanta. Limamanmu kuma, ina roƙonku da girman Allah, ku ware huɗuba ɗaya a shekara kan wannan, domin kalma ɗaya daga mumbari ta fi takardar sanarwa dubu.

Muna yawan karanta falalar biyayya ga iyaye, muna tura wa juna ita a waya. To ga biyayya a aikace: ranar da za a cire bandeji, mahaifinka ya buɗe Mus'hafinsa ya karanta da idonsa bayan shekaru. Duk harafin da ya karanta daga ranar, ina kyautata zaton Allah ba zai hana ka rabo a ciki ba.

Allah Ya jiyar da mu daɗin jinmu da ganinmu muddin muna raye, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba waɗanda ganinsu ya tafi haƙuri da Aljanna, Ya kare mu daga makantar zuciya wadda ta fi ta ido muni. Allah ne mafi sani.